Yadda Ake Shirya Karatun Dogon Hutu da Aikin Littafi ga Ɗaliban Sakandare

Duk lokacin da zango na uku ya doshi ƙarshe, malamai da iyaye daga cikin garin Bauchi da Azare da Misau da Ningi sukan aiko da tambaya kusan iri ɗaya: yaya za a ba yara karatun dogon hutu su kuma karanta da gaske, har su dawo da wani abin da suka yi da hannunsu? Abin da aka saba gani shi ne a rubuta sunan littafi a allo ranar da za a tashi, yara na ta hayaniyar karɓar sakamako, sannan a watan Satumba babu wanda zai sake ta da zancen. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda ya kamata a bi su. Malamin Hausa ko na Ingilishi ne aka fi nufa da su, amma uba ko uwa ko yayan da ke son shirya wa 'yan gidansu zai iya bin su haka nan.

1. A fara mako 3 kafin a rufe makaranta

Aikin hutu ba a ranar hutu ake bayar da shi ba. Mako 3 kafin a tashi, malami ya sanar da shugaban makaranta da mai kula da harkar karatu, ya kuma samu amincewarsu cewa aikin zai shiga cikin makin gwaji na zango na farko mai zuwa. Idan babu wannan amincewa, ɗalibai za su gane da wuri cewa aikin ba shi da maki, kuma ba za su taɓa shi ba. A mako na biyu a sanar da sunan littafi domin a fara nemansa, a mako na ƙarshe kuma kowane ɗalibi ya nuna littafinsa a hannu ko ya faɗi sunan wanda za su yi tarayya da shi.

A rubuta umarnin aikin a takarda mai shafi ɗaya: sunan littafi, yawan shafukan da za a karanta kowane mako, nau'o'in aikin da za a zaɓa, ranar kawowa, da yadda za a raba maki. Inda babu kuɗin buga wa kowa, a sa su kwafa a shafin farko na littafin da za su yi aikin a ciki, malami ya sa hannu a ƙasa.

A kula: a tuntuɓi malamin da zai karɓi ajin a shekara mai zuwa. Sau da yawa wanda ya ba da aikin a SS1 ba shi ne zai koyar da su a SS2 ba, kuma a nan ne yawancin ayyukan hutu suke ɓacewa.

2. Zaɓen littafi

Littafi ɗaya ya isa, biyu kuma su ne iyaka, ɗaya na Hausa ɗaya na Ingilishi. Malamin da ya jera littattafai 5 ya rage wa kansa daraja ne kawai, domin hutun bai cika wuce mako 6 zuwa 8 ba, kuma a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da yaron ƙauye ke gona, na birni kuma ke shagon koyon ɗinki ko gyaran waya ko zuwa lesin.

Ga masu shiga SS1 da SS2, a zaɓi abin da ke da daɗin karatu kuma bai yi kauri ba. A wurin ɗan Bauchi da wuya a samu wanda ya fi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa dacewa. Gajere ne, an fara buga shi tun 1934, marubucinsa ɗan ƙasar nan ne da kabarinsa yake cikin garin Bauchi, kuma malamin da ke ba da labarin a Rauta yake zaune, kusa da Bauchi. Yaro yakan karanta littafi da wani ido dabam idan ya ji sunan garin da ya sani a ciki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fi dacewa da ajin da ke son raha, saboda ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna. Ga waɗanda karatunsu bai yi ƙarfi ba kuwa, Magana Jari Ce ya fi sauƙi, tun da gajerun labarai ne da za a iya gama ɗaya a zama guda. A ba su littafi na ɗaya daga cikin littattafansa uku, ko ma a zaɓar musu labarai 10 daga ciki. Wanda yake son haɗawa da waƙa, ga waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, ɗan Bauchi da ya rasu a 1958, musamman Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, sai dai wannan ta fi ƙarfin ɗan SS1 idan babu mai yi masa bayanin zamanin da aka yi ta.

Masu shiga SS3 lissafinsu dabam ne. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB na gabansu, don haka littafin hutunsu ya fito daga cikin waɗanda aka sanya a manhajar jarrabawar da za su rubuta. Wannan hutun shi ne kaɗai lokacin da za su karanta littafin daga bango zuwa bango ba tare da gaggawa ba.

A kula: jerin littattafan jarrabawa yana canzawa. Na adabin Ingilishi na WAEC da aka yi aiki da shi daga 2021 zuwa 2025 ya ƙare, an shiga sabo na 2026 zuwa 2030, haka ma littafin da JAMB ke sanya wa duk mai rubuta Ingilishi yakan sauya bayan 'yan shekaru. Kada a dogara da littafin da yaya ya bar wa ƙane sai an duba manhajar shekarar.

Sharaɗi na ƙarshe a wannan mataki shi ne malami ya karanta littafin da kansa kafin ya bayar, ko da ya taɓa karanta shi yana ɗalibi. Akwai littattafan da ke da wuraren da wasu iyaye ba za su yarda da su ba, kuma gara malami ya riga su gani.

3. Samo littafin da lissafin kuɗi

Kafin a ce kowa ya saya, a fara duba ɗakin karatun makaranta da sito, domin ba abin mamaki ba ne a tarar da katan na littattafai a ajiye ba a taɓa buɗewa ba. Bayan haka malami ya je da kansa, ko ya aika, wurin masu sayar da littattafai a kasuwa ya tabbatar akwai kwafin da zai ishi ajin, ya kuma ji farashi. Sayen sari ya fi araha nesa ba kusa ba: a tara kuɗin masu iya biya, a sayo gaba ɗaya, a nemi ragi. Makarantar da ke nesa da Bauchi ko Azare ta sa kuɗin mota cikin lissafi tun farko, kada daga baya ya zama abin jayayya da iyaye.

Ba kowane gida ne zai iya saye ba, kuma wannan bai kamata ya hana yaro shiga ba. A haɗa ɗalibai 3 da ke unguwa ɗaya a kan kwafi ɗaya, kowa ya riƙe kwana 2 ya miƙa wa na gaba, ranar Juma'a kuma su haɗu su karanta tare. A haɗa su bisa kusancin gida, ba bisa abota ba, domin abokin da ke Yelwa ba zai riƙa kai littafi Fadaman Mada kowane kwana biyu ba. 'Yan makarantar kwana, waɗanda kowa zai kama hanyar garinsu, su ne ya fi kamata a ba aron kwafin makaranta, a rubuta suna da lamba a rajista.

A kula: hoton littafi da ake yi a shagon kwafi ba shi da arhar da ake zato. Idan aka lissafa kuɗin kowane shafi da na ɗinkewa, sau da yawa yakan kusa kai kuɗin littafin, ga shi kuma cin haƙƙin marubuci da maɗaba'a ne. A kuma buɗe kowane kwafi a gaban mai sayarwa a duba lambobin shafi, saboda bugun jabu yakan zo da shafukan da suka ɓace ko suka maimaitu ko tawadarsu ta dushe.

Iyaye su san jimillar kuɗin tun farko: littafin karatu, littafin rubutu ɗaya, kwali ɗaya ko biyu, shi ke nan. Duk aikin da zai ci fiye da haka ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai.

4. Raba shafuka bisa kwanaki

Ɗalibin da aka ce wa "ka karanta littafin nan a hutu" zai bari sai saura kwana 3 a koma. Wanda aka ce wa "shafi 5 kullum" yana da abin da zai kama. Lissafin ba wuya: a ware mako 4 na farko domin karatu, sauran domin aikin hannu. Idan ana karatu kwana 6 a mako, an samu kwana 24, littafi mai shafi 120 ya zama shafi 5 a rana, wanda bai fi minti 20 zuwa 30 ba ga matsakaicin mai karatu. A zana jadawali a shafi na biyu na littafin rubutu, da gurbin kwanan wata da na shafin da aka tsaya da na sa hannun wani babba a gida sau ɗaya a mako.

Lokacin karatu kuma a bar wa kowane gida ya tsayar da nasa, amma ya zama tsayayye. Mai zuwa gona da sassafe ya fi samun sarari bayan azahar, lokacin da aka dawo aka huta. Mai zuwa Islamiyya da yamma ya yi nasa da hantsi. Masu makarantar allo suna da Alhamis da Juma'a, su rama abin da ya kuɓuce musu a ciki. 'Yan mata su ne suka fi rasa lokaci, domin da zarar an yi hutu aikin gida gaba ɗaya kansu yake komawa, saboda haka malami ya faɗa wa iyaye mata ƙarara cewa rabin sa'a kawai ake roƙo. Karatun dare a bar shi ya zama ƙari, tun da ba a dogara da wuta, kuma wanda ya wuni yana noma ba zai wuce shafi biyu ba barci zai ɗauke shi.

5. Littafin lura

Kowane ɗalibi ya tanadi littafin rubutu ɗaya mai falle 40 ko 60 wanda ba za a haɗa shi da wani darasi ba. Bayan karatun kowace rana ya rubuta abu 3 a taƙaice: abin da ya faru a jimla biyu ko uku da kalmominsa, kalma ko karin maganar da bai sani ba tare da lambar shafi, da tambaya ɗaya da yake son yi wa wani daga cikin mutanen labarin. Na ukun nan shi ne ma'auni. Yaron da ya rubuta "Me ya sa mahaifiyar Umar ta tafi ta bar shi a hannun wata?" ya karanta, kuma ya fara tunani. Kalmomin da bai sani ba ya kai wa kaka ko wani dattijo a unguwa, domin tsofaffin littattafan Hausa cike suke da sunayen sarautu da kayan yaƙi da na fatauci da matasa ba sa ji yanzu.

A kula: a hana kwafar jimlolin littafi a matsayin taƙaitawa, a kuma sanar tun farko cewa ba za a karɓi abin da aka ɗauko daga ƙananan littattafan taƙaita labari ko daga intanet ko manhajar da ke rubuta wa mutum amsa ba. Lambar shafi da tambayar kullum su ne maganin wannan, domin da wuya a ƙirƙire su a dare ɗaya ba a gane ba, musamman idan biro ɗaya da hannu ɗaya suka cika shafi 24 ba tare da ko canjin tawada ba.

6. Zaɓen aikin hannu

Bayan an gama karatu sai aikin da zai nuna an fahimta. A ba su zaɓi 4 ko 5, kowa ya ɗauki ɗaya, kuma kowane aiki ya zo da rabin shafi na bayanin dalilin da ya sa aka yi shi haka, da lambobin shafukan da aka dogara da su. Wannan rabin shafin shi ne ke raba aikin karatu da aikin zane.

Taswirar tafiya ta fi dacewa da labarin da ake yawo a cikinsa. A Shaihu Umar ɗalibi zai fara daga Kagara, ya biyo ta Kano, ya ƙetare hamada, ya nuna Tarabulus, ya dawo har Rauta. Ya fara zana ta da fensir yana duban taswirar da ke littafin labarin ƙasa, sannan ya bi da maka. Hanyar Umar da launi ɗaya, ta mahaifiyarsa da ke nemansa da wani launi, a kowane zango kuma ya manna 'yar takarda mai ɗauke da abin da ya faru a wurin da lambar shafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kwalin da raƙuma da itatuwan dabino masu kyau, a manta da rubutun.

Wasan kwaikwayo na murya aikin rukuni ne na mutum 3 zuwa 5, kuma shi yara suka fi so. Su zaɓi fage ɗaya, su mayar da shi zance tsakanin mutane a takarda, su gwada sau biyu ko uku, sannan su ɗauka da waya, kada ya wuce minti 5. A ɗauka a ɗakin da ke da labule da katifa domin kada murya ta yi amo, a nisanci lokacin ruwa saboda ƙarar kwano tana cinye magana, a kuma ajiye wayar a tsakiya a kan matashi maimakon riƙe ta a hannu. Ƙwaryar kwakwa biyu ko murafun roba sun isa ƙarar kofaton doki. Rubutun wasan shi za a ba maki fiye da sautin, don haka dole a kawo shi tare, da sunan wanda ya rubuta kowane sashe. Rukunin da ba su da waya su yi wasan a gaban aji, makinsu ɗaya ne.

Shari'a ita ce aikin da ya fi tilasta komawa cikin littafi. A ɗauki wani da ya aikata abin da ake jayayya a kai, misali a Shaihu Umar, fadawan da suka ƙulla wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, makirci har aka kore shi daga gari, ko sarkin da ya saurare su. Ɗalibi ɗaya ya rubuta ƙara, ɗaya kariya, na uku hukunci, kuma ba a yarda da hujjar da ba ta cikin littafin ba. Na fi son wannan ga 'yan SS3, domin irin tunanin da tambayoyin jarrabawa ke nema ke nan: a faɗi ra'ayi a kafa masa hujja daga matani.

Shafin farko na jarida: babban labari ɗaya daga abin da ya faru a littafin, gajeru biyu, hira da ɗaya daga cikin mutanen labarin, da zane ɗaya. Wasiƙa daga wani a labarin zuwa wani, shafi ɗaya da rabi, ta dace da mai son aiki shi kaɗai. Mai baiwar waƙa ya mayar da babi ɗaya baiti 15 zuwa 20 da amsa-amo guda, ya rera a gaban aji.

A kula: kada a bar ajin duka su zaɓi abu ɗaya. A ƙayyade yawan masu yin kowane nau'i kafin a tashi, in ba haka ba za a dawo da taswira 40 da aka kwafa daga ta mutum ɗaya.

7. Kayan aiki da adana su

Kwali fari, fensir, magogi, rula, maka launi 2 ko 3, almakashi da gam. Maka da almakashi na rukuni ne, ba sai kowa ya saya ba. Bayan tsohuwar kalanda yana maye gurbin kwali, katan ɗin taliya da aka buɗe aka manna masa farar takarda yana zama allon da ya fi kwalin ƙarfi, kokon sitaci kuma yana manna takarda idan aka shafa shi siriri aka danne da abu mai nauyi har ya bushe. Damina ce, saboda haka a naɗe kwali a sa a leda a rataye a ƙusa, kada a jingine shi da bango ko a tura ƙarƙashin katifa inda laima da gara za su same shi. Littafin karatun ma a yi masa bango da takardar buhun siminti ko leda tun ranar farko, musamman wanda zai riƙa yawo tsakanin gidaje uku.

8. Bibiya a tsakiyar hutu

Sau ɗaya ya isa, a ƙarshen mako na uku. Inda iyaye ke da zaure a WhatsApp, malami ya tura tambaya ɗaya daga inda ya kamata a ce an kai, ɗalibai su amsa da saƙon murya ta wayar iyayensu. Inda babu, a naɗa shugaban kowane rukuni ya duba jadawalin 'yan uwansa. Malamin da ke zaune a garin yana iya sa rana ɗaya da hantsi a harabar makaranta ga mai son zuwa, ba tare da tilas ba.

A kula: malami ya yi hulɗa da lambar iyaye, ba ta ɗalibi ba, kuma duk haɗuwa ta zama da sanin shugaban makaranta da iyaye, a fili, da rana.

9. Karɓa da ba da maki

A karɓi aikin a mako na biyu da komawa, domin makon farko rabin aji ba su dawo ba. A fara da littafin lura, shi ne shaidar karatu. Idan makin aikin 20 ne, a ba littafin lura 8, aikin hannu da bayaninsa 8, sauran 4 kuma na tambayar baki. Tambayar bakin minti 2 ce ga kowane ɗalibi: malami ya buɗe littafin lurar yaron a kowane shafi, ya karanta tambayar da yaron ya rubuta da hannunsa, ya ce masa ya samu amsa ko bai samu ba. Wanda wani ya yi wa aiki a nan yake tsayawa cak. A aji mai mutum 60 wannan zai ci darasi 3, don haka a raba shi, a riƙa kiran mutum 10 a ƙarshen kowane darasi yayin da sauran ke wani aiki.

Cikin makin aikin hannu, kyan zane da tsabta kada su wuce 2. Sauran 6 na daidaito da littafi ne da ingancin bayani. A aikin rukuni a ba kowa makin sashen da ya rubuta, kada a raba daidai. Wanda bai gama karatu ba amma littafin lurarsa ya nuna ya kai rabi da gaskiya, a ba shi makin rabin, a ƙara masa mako biyu ya ƙarasa.

Bayan an gama, a kafe taswirori da jaridu a bangon aji na mako ɗaya, a saurari wasannin murya a darasi guda, a karɓo littattafan aro a soke sunaye a rajista. A zaɓi aiki ɗaya mai kyau daga kowane nau'i, da izinin masu shi, a ajiye a ofis domin nuna wa ajin baɗi a mako na ukun nan kafin a rufe, sauran kuma a mayar wa masu su da makinsu a rubuce a baya.